Ganuwa Mai Rai: Nazarin Gudummawar Kurmin Gaɓar Teku Wajen Kare Ƙasa da Renon Halittu a Yankin Neja Delta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kurmin da ke tsirowa cikin ruwa mai gishiri a bakin teku, inda ta ɗauki yankin Neja Delta a matsayin abin misali. Manufarta ita ce bayyana yadda kurmin ke kare gaɓa daga zaizaya da ambaliya, da yadda yake zama mafakar kifaye da tsuntsaye da dabbobi. An tattaro bayanai daga rahotannin hukumomin duniya da binciken masana muhalli, aka gabatar da su cikin Hausa tare da kwatanta su da abin da Bahaushe ya sani a muhallinsa. Nazarin ya gano cewa aikin kariya da aikin reno duk sun rataya ne a kan abu guda, wato saiwoyi masu rai da lakar da suka riƙe. Ya kuma gano cewa wani kaso na wannan laka daga kogunan Arewa yake gangarowa, saboda haka makomar kurmin ta shafi al'ummomin da ba su taɓa ganin teku ba.

Muhimman Kalmomi: kurmin gaɓa, mangurof, zaizayar ƙasa, Neja Delta, muhalli

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mazaunin tudu ne. Barazanar da ya fi sani a muhallinsa ita ce ta fari da kwararowar hamada, kuma ya daɗe da gane cewa itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa. Amma Nijeriya tana da wata iyaka a kudu, gaɓar Tekun Atilantika mai tsawon kimanin kilomita 850, inda teku ke cin ƙasa kamar yadda rairayi ke cin gonaki a arewa. A mafi yawan wannan gaɓa, abin da ke tsakanin teku da gidajen jama'a wani kurmi ne da ke tsaye cikin taɓo da ruwan gishiri.

A rahotonta na 2023, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan kurmi ya mamaye hekta miliyan 14.8 a duniya a shekarar 2020, a ƙasashe da yankuna 123. Indunusiya ce ke da kaso mafi girma, kusan kashi ɗaya cikin biyar. A nahiyar Afirka kuwa babu ƙasar da ta kai Nijeriya, kuma mafi yawan nata yana jihohin Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba. Duk da wannan matsayi, batun bai cika shiga rubuce-rubucen Hausa ba. Maƙalar ta yi ƙoƙarin cike wani ɓangare na wannan giɓi.

2.0 Batun Suna

Tun da itacen ba ya fitowa a ƙasar Hausa, harshen bai tanadar masa suna ba. Akwai hanyoyi biyu na samar da shi. Ta farko ita ce aro daga Ingilishi tare da hausantarwa: a raba baƙaƙen da suka haɗu a tsakiyar kalmar da wasalin /u/, a kuma musanya baƙin ƙarshe, wanda babu shi a Hausa, da /f/. Wannan ya ba da kalmar mangurof. Illar wannan hanya ita ce kusancin furuci da mangwaro, itacen da ba su haɗa dangi ba, wanda hakan kan iya rikita mai karatu ko mai fassara. Hanya ta biyu ita ce ƙirƙira ta siffantawa. Kalmar kurmi ta riga ta ƙunshi ma'anar daji mai duhu da danshi, don haka idan aka ce kurmin gaɓa, mai sauraro zai iya hasashen wurin ko da bai taɓa zuwa ba. A wannan nazari an yi amfani da mangurof ga itacen kansa, kurmin gaɓa kuma ga dajin baki ɗaya da abin da ke cikinsa.

3.0 Siffar Itacen da Yadda Yake Rayuwa

Mangurof suna ne da ya tattara itatuwa daban-daban waɗanda suka yi tarayya wajen jure wa gishiri da taɓo. A gaɓar Nijeriya, wanda ya fi yawa shi ne jan mangurof, musamman nau'in da masana ke kira Rhizophora racemosa, wanda kan haura mita 30 a bakin mashigan ruwa. Akwai kuma nau'in Avicennia germinans da na Laguncularia racemosa, waɗanda ba su kai shi yawa ba. Wurin da suke tsirowa teku ke cikowa ya rufe shi sau biyu a kowace rana, sannan ya janye. Wannan yanayi yana ɗora wa tsiro matsaloli uku, kuma kowace akwai yadda itacen ke magance ta.

Matsala ta farko ita ce gishiri, wanda ke ƙona yawancin tsirrai. Saiwar jan mangurof tana tace ruwa, ta hana mafi yawan gishirin shiga jikin itacen. Shi kuwa Avicennia yana barin wani kaso ya shiga, daga baya ya fitar da shi ta ganye, har akan ga ƙwayoyin gishiri fari-fari a kan ganyen.

Matsala ta biyu ita ce rashin iska a cikin taɓo. Saiwa tana buƙatar numfashi, taɓon da ruwa ya cika kuwa ba ya ɗauke da iskar oksijin. Jan mangurof yana fitar da saiwoyi daga jikin gindinsa da rassansa, su lanƙwaso su kafu a ƙasa kamar ƙafafun rumbu, ta yadda itacen zai zama kamar an ɗora shi a kan dirkoki. Avicennia kuma yana turo ƙananan saiwoyi tsaye daga ƙarƙashin taɓo, masu kama da turaku, ɗaruruwa a kewayen itace guda. A jikin waɗannan saiwoyi akwai ƙananan ƙofofi da iska ke shiga idan teku ya janye. Waɗannan ƙofofi su ne hancin itacen, kuma za a ga muhimmancinsu idan aka zo batun malalar man fetur.

Matsala ta uku ita ce yaɗuwa, domin ƙwayar iri da ta faɗa cikin ruwa mai gudu ba ta samun zama. Irin jan mangurof yana tsira tun yana maƙale a jikin uwa, ya yi tsawon kusan kamu guda, mai tsini kamar mashi. Idan ya faɗo, ko dai ya cake a taɓo nan take, ko ruwa ya yi ta yawo da shi makonni har ya sami wurin kafuwa.

4.0 Yadda Kurmin Ke Kare Gaɓa

4.1 Karya Ƙarfin Igiyar Ruwa

Igiyar ruwa da ta taso daga teku tana ɗauke da ƙarfi, kuma duk abin da ta fara cin karo da shi, a kansa take sauke shi. Idan gaɓa fili ce, ƙasa ce ke karɓar dukan. Idan kuwa akwai kurmi, dole ruwan ya kutsa tsakanin dubban saiwoyi da gindaye da rassa, kowanne yana rage masa gudu. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara aune-aunen da aka yi a ƙasashe da dama, ya nuna cewa tsayin igiyar ruwa yana raguwa da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari bayan ta ratsa mita 100 na kurmi. Wannan babban tazara da ke tsakanin alƙaluman biyu tana da ma'ana. Kurmi mai cunkoson saiwoyi da itatuwa masu bambancin tsayi ya fi karya ruwa, wanda aka sassare kuwa kaɗan yake iya yi.

4.2 Riƙe Laka da Gina Ƙasa

Wannan shi ne aikin da ido ba ya gani, kuma shi ya fi daɗewa. Kogin Kwara yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,180, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya rarrabu zuwa rassa da dama, manyansu Nun da Fokados, kafin ya faɗa teku. Ruwan yana zuwa da laka. Idan ya shiga tsakanin saiwoyin mangurof ya lafa, sai lakar ta kwanta, ƙananan jijiyoyi su ɗaure ta, ganye da matattun saiwoyi su haɗu da ita. A hankali ƙasar tana ƙara tudu. Baƙar ƙasa mai zare-zare da ake samu ta wannan hanya, mutanen yankin suna kiran ta cikoko, kuma sukan yanko ta su cike wuri domin gini.

Muhimmancin wannan ya fito fili idan aka san cewa ƙasar bakin kogi tana nutsewa a hankali saboda nauyin lakar da ta taru, yayin da teku kuma ke ƙara cikowa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ƙiyasta cewa ruwan tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Katangar siminti tsayinta ɗaya ne tun ranar da aka gina ta. Ganuwar Kano ma, wadda tarihi ya nuna an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, sai da gayyar jama'a ana yi mata yaɓe take ɗorewa. Kurmin gaɓa kuwa yana yi wa kansa yaɓe, yana kuma ƙara tsayi, muddin laka tana iso masa kuma saiwoyinsa suna raye.

4.3 Hujjoji Daga Manyan Bala'o'i

A watan Oktoba na 1999, wata gagarumar guguwa ta afka wa jihar Odisha ta ƙasar Indiya, ta hallaka mutane kusan dubu goma. Binciken da aka wallafa a 2009 kan ƙauyuka fiye da 400 na gundumar Kendrapara ya nuna cewa ƙauyukan da ke da kurmi mai faɗi tsakaninsu da teku sun yi asarar rayuka ƙasa da waɗanda kurminsu siriri ne ko babu. Haka nan bayan ambaliyar tsunami ta ranar 26 ga Disamba, 2004, wadda ta kashe mutane fiye da 220,000 a ƙasashen Tekun Indiya, an lura cewa a gundumar Kuddalor ta kudancin Indiya ƙauyukan da ke bayan kurmi ba su yi ɓarna kamar na fili ba. Wani ƙiyasi na 2020 kuma ya nuna cewa kurmin gaɓa yana hana asarar dukiya ta fiye da dala biliyan 65 a kowace shekara a duniya, kuma da babu shi, ƙarin mutane miliyan 15 ambaliya za ta riƙa shafa duk shekara.

Sai dai kariyar tana da iyaka. A yankin Ace na Indunusiya, kusa da inda girgizar ƙasar 2004 ta auku, ruwan ya tumɓuke itatuwan kansu. Ambaliyar da guguwa ke turowa ma tana buƙatar kurmi mai faɗin kilomitoci kafin a ga raguwa mai yawa, domin aune-aune sun nuna raguwar santimita 5 zuwa 50 ne a kowace kilomita. Saboda haka kurmi ba ya maye gurbin gargaɗin gaggawa da kwashe jama'a. Inda ya fi tasiri shi ne a kan duka na yau da kullum, wanda ke gutsurar gaɓa kaɗan-kaɗan har gari ya wayi gari a cikin ruwa. Garin Ayetoro na jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, misali ne na wannan irin ci, domin teku ya riga ya haɗiye gidaje masu yawa a cikinsa.

5.0 Kurmin a Matsayin Mafakar Halittu

Saiwoyin da ke karya igiyar ruwa su ne kuma ke renon halittu. Abincin kurmin yana farawa daga ganyen da ya faɗo. Ƙaguwa tana jan ganyen zuwa raminta, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ruɓar da saura, sai ya zama ɗan gari-gari mai gina jiki wanda tsutsotsi da jatan lande da ƙananan kifaye ke ci. Manyan kifaye suna cin ƙanana, tsuntsaye da kada da mutum suna cin manya. Ramukan ƙaguwa kuma suna shigar da iska cikin taɓo, kamar yadda huɗa ke yi wa gona.

Ruwan da ke tsakanin saiwoyi marar zurfi ne, mai duhu, kuma babban kifi ba ya iya kutsawa. Wannan ya sa wurin ya zama ɗakin reno. Akwai nau'in jatan lande da ke yin ƙwai a cikin teku, 'ya'yan su biyo ruwa zuwa mashigai, su girma a can, sannan su koma. Kifin bonga, wanda ake yin banda da shi a duk faɗin gaɓar Afirka ta Yamma, shi ma yana yin ƙuruciyarsa a irin wannan ruwa mai surkin gishiri, haka ma wani nau'in karfasa. Ke nan masuncin da ke jefa koma a tsakiyar teku yana cin moriyar kurmin da ke bayansa. Busasshen jatan lande da ake auna wa a kasuwannin Arewa, wanda fatake ke saro wa daga garuruwa irin su Oron, daga wannan ruwa na gaɓa yake fitowa.

A jikin saiwoyin jan mangurof akan sami halittu masu ɓawo biyu, dangin makankari, sun manne a jere. A kan taɓo kuma akwai ƙananan dodon koɗi masu tsini waɗanda mata ke tsinta idan teku ya janye, kuma sana'ar tana ciyar da gidaje da dama a Ribas da Bayelsa da Akwa Ibom. Akwai wani ɗan kifi mai idanu a saman kai wanda ke fitowa daga ruwa ya yi ta tsalle a kan taɓo, har ya hau saiwa, yana numfashi ta fatarsa muddin tana da danshi.

Daga cikin manyan dabbobi akwai kada da guza da karen ruwa da wasu birai. Wanda Bahaushe ya fi sani shi ne ayu, domin yana rayuwa tun daga mashigan teku har cikin Kwara da Binuwai. Ayu ciyawa yake ci, a gaɓa kuma ganyen mangurof na cikin abincinsa. Farautarsa domin nama da kitse, wanda ke da kasuwa a wurin masu maganin gargajiya, ta sa yawansa ya ragu ƙwarai, kuma tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Mai sayen man ayu a Arewa yana da hannu a wannan raguwa ko da bai sani ba.

Tsuntsaye ma suna da rabonsu. Ban da zalɓe da balbela da gaggafa mai kamun kifi, akwai baƙin tsuntsaye da ke barin Turai idan sanyi ya tsananta, su zo su yi kiwo a taɓon gaɓa. Wannan hijira ta yi kama da wadda ake gani a fadamun Haɗeja da Nguru. Hasali ma yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare fadamu ta haɗa wuraren biyu: tafkin Nguru ne wurin farko da Nijeriya ta yi wa rajista a ƙarƙashinta, sannan a 2008 aka ƙara da dajin Apoi na jihar Bayelsa. A wajen Afirka, kurmin Sundaban da ke tsakanin Bangaladash da Indiya, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000, shi ne mafi girma a dunƙule, kuma a cikinsa damisar Bengal take zaune.

6.0 Abubuwan da Ke Barazana ga Kurmin Neja Delta

6.1 Malalar Man Fetur

An gano man fetur mai yawan da za a sayar a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Tun daga lokacin bututu ke ratsa kurmin. Idan mai ya malala, ko ta tsufan bututu ko ta fasawa ko ta haramtattun matatun daji, cikowar teku tana kai shi cikin kurmi, janyewarsa kuma ta bar shi a jikin saiwoyi. Man yana toshe ƙofofin numfashin da aka ambata a baya, itacen ya shaƙe. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a watan Agusta na 2011, ya bayyana saiwoyin da wani abu mai kama da kwalta ya lulluɓe, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A garin Bodo, malala biyu da suka fara a 2008 sun kashe kurmi mai faɗi tare da sana'ar su. A watan Janairu na 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55 ga al'ummar da masunta kimanin 15,600.

6.2 Baƙon Tsiro

A 1906 aka shigo da wani dangin kwakwa mai suna nifa daga Singafo zuwa Kalaba. A ƙasashen Asiya tsiro ne mai amfani, ana jinka da ganyensa, ana yin sukari da ruwansa. A Nijeriya kuwa ya zama annoba. 'Ya'yansa suna yawo a kan ruwa, su kafu a duk inda aka sare mangurof ko mai ya kashe shi, kuma da ya kafu ba ya barin wani tsiro ya fito. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nifa ba shi da saiwoyi masu tsayuwa a cikin ruwa, saboda haka ba ya samar da maɓoyar da ƙananan kifaye da makankari ke buƙata.

6.3 Sara da Cike Wuri

Itacen jan mangurof yana da nauyi, yana ci da wuta sosai, don haka shi masu banda suka fi so. Ana kuma yin gawayi da dirkokin gini da shi. A nan akwai sarƙaƙiya, domin itacen da ake ƙonawa a busar da kifi shi ne ke renon kifin baɗi. Faɗaɗar birane irin su Fatakwal da Warri da Legas, da haƙa hanyoyin ruwa domin jiragen aikin mai, su ma suna cin kurmin, suna kuma canza yadda ruwan gishiri da na daɗi ke gauraya.

6.4 Raguwar Laka Daga Sama

A nan ne alaƙar kurmin da Arewa take. Kogunan Kano da Jigawa suna bin Haɗeja da Yobe zuwa tafkin Chadi, amma gulbin Sakkwato da na Rima da kogin Kaduna duk Kwara suke faɗawa, Gongola kuma yana shiga Binuwai a Numan. Ƙasar da ruwan sama ya wanke daga gonakin Zamfara ko na Gwambe, wani kasonta a da yakan ƙarasa bakin teku. Madatsar ruwa tana tsayar da gudun kogi, lakar ta kwanta a bayanta. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Bakolori a 1978, ta Lagdo da ke kan Binuwai a Kamaru a 1982, ta Shiroro kuma a 1990. Waɗannan madatsu suna ba da wutar lantarki da noman rani, amfanin da ba a musun sa. Amma lakar da suka riƙe asara ce iri biyu: tana cike tafkin madatsar, tana kuma hana gaɓa abin yaɓe.

7.0 Ƙoƙarin Farfaɗowa

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana a 2024 cewa kimanin rabin kurmin gaɓa na duniya yana cikin haɗarin durƙushewa. Dashe shi ne maganin da aka fi gaggawar zuwa gare shi, sai dai sakamakonsa ya bambanta. A yankin Kasamas na ƙasar Sanagal, ƙungiyar Oceanium tare da mutanen ƙauyuka sun dasa miliyoyin irin jan mangurof tun daga 2006. A Siri Lanka kuwa, binciken 2017 kan wurare 23 da aka yi dashe, galibi bayan tsunami, ya gano cewa a wurare uku kacal ne fiye da rabin dashen ya rayu, a wurare tara kuma ko ɗaya bai rayu ba. Babban dalili shi ne dasa itace a inda zurfin ruwa da irin ƙasa ba su dace da shi ba. Darasin da masana suka ɗauka shi ne a fara gyara hanyar shigar ruwa da fitarsa, a kawar da abin da ya kashe kurmin, sau da yawa irin da ruwa ke kawowa zai kafu da kansa. A ƙasar Ogoni, inda aka ƙaddamar da aikin tsabtace muhalli a Bodo a watan Yuni na 2016, hukumar HYPREP ta haɗa da dashen mangurof a cikin ayyukanta, kuma nasararsa ta dogara ga tsayar da sabuwar malala.

8.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, kariya da reno ba sa rabuwa, domin duk abin da ya kashe saiwa yana buɗe gaɓa ga teku, yana kuma rushe maɓoyar kifi a lokaci guda. Na biyu, ƙarfin kurmi yana cikin faɗinsa da cunkosonsa, don haka sabon dashe zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi aikin tsohon kurmi, kuma rigakafi ya fi magani. Na uku, kurmin ƙarshen kogi ne, abin da aka yi a sama yana isa gare shi.

Bisa wannan, ana ba da shawarar a fifita kare kurmin da ya rage a kan sabon dashe, a kuma samar wa masu banda murhu mai cin itace kaɗan. Ya kamata masu tsara madatsun ruwa su riƙa lissafa lakar da za a hana gaɓa. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai buƙatar daidaita kalmomin fannin muhalli, da tattara abin da Sarkawa da fataken kifi da Hausawa mazauna garuruwan gaɓa suka sani game da ayu da kifayen teku da sunayen da suke kiran su. Kafofin yaɗa labarai na Hausa za su iya amfani da ranar 26 ga Yuli, wadda hukumar UNESCO ta keɓe tun 2015 domin kurmin gaɓa, wajen wayar da kan jama'a.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana siffar itacen mangurof da dabarun rayuwarsa, ta nuna yadda saiwoyinsa ke karya igiyar ruwa da tara laka, da yadda suke renon kifi da jatan lande da tsuntsaye da ayu. Ta kuma kawo barazanar da kurmin Neja Delta ke fuskanta daga man fetur da nifa da sara da raguwar laka. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa ganuwar itatuwa a yankin Sahel domin tare hamada, aikin da ke cin kuɗi da shekaru masu yawa. A kudancin Nijeriya akwai irin wannan ganuwa a tsaye tun kafin a zana iyakokin ƙasar, kuma abin da take buƙata shi ne a bar saiwoyinta su yi numfashi, a bar laka ta iso mata.